Gonar Baba Ce Ƙarshen Layi

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Surukina ya riga mu komawa ana tsakiyar bazara, da hantsi, tun hadarin farko bai taso ba. Ba zan kama sunansa a nan ba, tunda ban taɓa kamawa ba yana raye. Baba nake ce masa tun ranar da aka kawo ni gidan nan amarya, kuma Baba zan ci gaba da ce masa.

Kafin a dawo daga maƙabarta gida ya cika. Mata sun zo daga unguwannin kusa, wasu har daga Makoda a kan babura, ƙafafunsu duk ƙasa. Ni ce matar babban ɗa, don haka ni ce mai ɗebo ruwa, ni ce mai dama kunu, ni ce mai nuna wa baƙi inda za su yi alwala. Ban samu zama na yi kuka ba sai bayan sadakar uku, lokacin kuma kukan ya riga ya bushe, ciwon baya kawai ya rage mini.

Inna, uwar mijina, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. Duk wadda ta durƙusa gabanta magana ɗaya take yi.

"Allah ya jiƙan Malam. Ya yi wa garin nan aiki."

Inna ta yi ta amsawa da amin har muryarta ta dushe. Can da yamma wata ta sake faɗa, sai ta ɗago kai ta dube ta.

"Ya yi wa gari aiki, ba ƙarya," in ji Inna. "Gidansa ne dai layi bai cika zuwa kansa da wuri ba."

Baƙin da suka zo daga nesa suka yi murmushi, sun zaci raha ce. Matan garinmu kuwa kowa ta sunkuyar da kai, don sun san abin da take nufi.

A waje, inda maza ke zaune, katanga ce kawai tsakaninsu da madafina. Da farko addu'a nake ji. Da rana ta yi sanyi sai na fara jin wata magana ƙasa-ƙasa, ana tambayar yadda za a yi da shanu. Muryar da ta fi fitowa ta ƙanen Baba ce, wanda muke kira Baba Ƙarami. Na ji yana cewa, "Mai abu ya tafi. A kai su kasuwar Ɗanbatta, kowa ya karɓi rabonsa, a rabu lafiya." Raina ya ɓaci da na ji ana wannan zance ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Amma in faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata cewa ya yi a sayar ɗin, mu ma mu huta.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai an yi masa bayani. Gonakinmu ƙanana ne, wannan jingine da wannan, babu daji, babu gonar da ake bari ta huta. Mutum ɗaya ba ya iya riƙe shanun huɗa, domin abin da za su ci a rani ya fi ƙarfin harawar gona guda. Gyaɗa kuma ba ta jira. In ruwa ya jiƙa ƙasa, a cikin 'yan kwanakin nan ake huɗa a shuka. Wanda ya makara, ruwa zai ɗauke masa tun gyaɗar ba ta ƙosa ba, ya tone ta da kaka ya tarar rabi ɓawo ne ba ƙwaya.

Inna ce ta ba ni labarin mafarin abin, don lokacin ba a kawo ni ba. Wata damina Baba ya yi ta zarya gidan wani mai hali a ƙauyen gaba, yana neman a ba shi hayar shanu. Kullum a ce masa gobe. Ranar da shanun suka iso gonarsa, gyaɗar mai shanun har ta fara fure. Da kakar nan Baba ya bi gida-gida bayan la'asar yana lallashin mutane su haɗa ƙarfi su sayi nasu. Wani ya ba da buhun gyaɗa, wani tunkiya, wani wake. Suka sayo 'yan bijimai biyu ramammu a Ɗanbatta, da garma tsohuwa da wani maƙeri ya gyara. Inna ta ce ranar da aka shigo da su gari an sha dariya, har wani ya tambaya ko su ma sai an haɗa musu ƙungiyar da za ta riƙa tayar da su tsaye.

Daminar farko kuwa saura kaɗan abin ya watse. Ruwa ya sauka, da asuba kowa ya zo yana cewa da gonarsa za a fara. Maza biyu suka kama igiyar sa ɗaya, wannan ya ja, wancan ya ja, har hancin san ya fashe da jini. Baba ya raba su. Ya cire karkiya, ya mayar da shanun turke, ranar nan duk laimarta ta tafi a banza ba a huɗa ko kunya ɗaya ba. Da la'asar ya tara su a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya kafa dokar da ta riƙe ƙungiyar har zuwa mutuwarsa.

"Gonar matar da mijinta ya rasu ita ce farko, sai ta mara lafiya. Sauran ku ja kara, mai dogo ya riga mai gajere. Gonar ciyaman ita ce ƙarshe."

Wani ya ce, "Malam, kai da ka sha wahalar haɗa mu, me ya kai ka ƙarshe?"

"In tawa tana gaba, duk abin da na faɗa za ku ce don cikina na faɗa," in ji Baba. "In tana baya, dole ku saurare ni."

Sun kuwa saurare shi. Da na zo gidan, abin ya riga ya kama ƙasa. An sayi amalanke, da rani shanun suna kai taki gonaki, suna ɗauko wa mutane kara da bulo. In bijimai suka yi ƙiba suka fara nauyin jiki, sai a sayar a sayo ƙanana, abin da ya hau kai a ƙara wasu. Daga baya aka sayi injin ɓarar gyaɗa. Aka daina sayar wa masu zuwa bakin gona suna tayawa yadda suka ga dama, aka koma haɗa amfanin kowa a mota ɗaya a kai kasuwar Dawanau. Mutanen da suka yi dariya a farko su ne suka dawo suna sallama da ɗan goronsu, suna neman a sa su a ciki. Baba bai taɓa mayar da kowa ba.

Abin da masu yabo ba sa lissafawa shi ne, duk mutum ɗaya da ya shigo, layi ya ƙara tsawo ke nan, kuma mu ne a wutsiyarsa. Shanu sun ƙaru, amma ba su taɓa ƙaruwa kamar yadda mutane ke ƙaruwa ba. Ƙungiya tana girma, gonarmu tana ƙara makara. A gidanmu shanun suke kwana. Ni nake jiƙa musu dusa da kanwa, 'ya'yana ke kwashe kashinsu, ƙudansu a kanmu yake sauka. Amma ranar da ruwa ya sauka sai in tsaya a tsakar gida ina ji ana fita da su, su wuce gonarmu da ke nan bayan gida, su tafi ta wani.

Baba mutum ne mai wuyar sha'ani, kada yabon mamaci ya sa in ɓoye. In ya dawo daga masallaci da safe, turke yake fara zuwa kafin ya amsa gaisuwar kowa. Ya shafa wuyan wannan, ya ɗaga ƙafar wancan, yana yi musu magana kamar jikokinsa. Inna takan ce da ita ma tana da ƙaho da ta samu irin wannan kulawa. Yakan tsoma yatsa a ruwan dusa ya ɗanɗana, in kanwa ta yi yawa ya kira ni.

"Ke yarinya, wannan ai ko ni ba zan sha ba."

"To Baba, ai ba kai aka dama wa ba," nakan ce a raina. A fili kuwa sai in durƙusa in ce za a gyara.

Bai taɓa hawa amalanken ƙungiya ba. Ko daga gona mai nisa aka taso, ko babu kaya a kai, a ƙasa yake tafiya yana bin ta a baya. In yara suka ce ya hau sai ya ce shanun ba don ɗaukar ciyaman aka saye su ba. In kuma mijina ya yi ƙorafin an makara, amsarsa ɗaya ce kowace shekara: "Sa bai san gonar ciyaman ba, inda aka kai shi yake ja." Na ji wannan magana har na ƙi jininta.

Rigimarsa mafi girma da ɗan'uwansa ya yi ta. Wata shekara Baba Ƙarami ya ja kara mafi gajarta, ga shi yana shirin aurar da 'ya da kaka, duk ransa yana kan gyaɗar. Da sassafe ya shigo gidanmu ya fara kwance shanu. Ina ɗaki ina jin su.

"Yaya, shanun nan a gidanmu suke kwana, harawarmu suke ci. Yini ɗaya kawai nake so. Wa zai ce wani abu?"

"Ba wanda zai ce," in ji Baba. "Amma baɗi kowa zai zo da ƙanensa."

"Kai ka zaɓi ka kashe gidanka don a ce maka na kirki. Ni ban zaɓa ba."

Baba ya tsaya a bakin turke, hannunsa a kan igiya, har ƙanen ya fita. Ba su sake gaisawa ba sai da Babbar Sallah. Baba Ƙarami ya fice daga ƙungiya, ya gwada haya a waje, ya ga abin da ake gani, ya dawo. Ranar da ya dawo Baba ya miƙa masa kara kamar kowa, ya ja, Allah ya sa ya ja dogo. Inna ta ce ranar ce kawai ta ga Baba ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Ni ma na yi tawa rigimar, irin wadda suruka ke iya yi. Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Maƙwabta suka tone gyaɗa mai ƙwaya, mu muka tone ɓawo. Gyaɗar nan ita ce suturar yara, ita ce maganin asibiti, ita ce cikon hatsi in rumbu ya yi ƙasa. Kafin wata damina ta raba tsakiya mun koma awo a kasuwa, mu da shanun gari ke kwana a gidanmu. Wata rana ina daka, na san Baba yana zaure, sai na ɗaga murya kamar da turmi nake. Na ce wasu gidajen shanu ke yi musu bauta, mu kuwa mu ke yi wa shanu. Na ce ban san laifin da 'ya'yana suka yi wa garin nan ba. Na faɗi da yawa, Inna tana jina ba ta hana ni ba.

Washegari na kai masa kunu, na durƙusa zan ajiye. Bai dube ni ba.

"Yarinya, jiya turmin gidan nan ya yi magana da yawa."

Kunya ta rufe ni.

"Gaskiya ya faɗa," in ji shi. Ya ɗauki ludayi ya fara shan kununsa. Bai canza komai ba, kuma ban sa ran zai canza ba.

Shi ɗin ne kuma ya yi mini abin da har in mutu ba zan manta ba. Mahaifina ya rasu gab da damina, ya bar mahaifiyata da ƙannena mata a wani ƙauye wajen Makoda. Ba 'yan ƙungiya ba ne, ba su da haƙƙi a kan shanun, kuma ban roƙi kowa ba. Da layi ya zo kanmu a ƙarshe, ina jira in ji an shiga gonar bayan gida, sai na ga mijina yana ɗora garma a amalanke. Baba ya ce ranar tasa ce, yana da ikon ya kai ta inda ya so, kuma ya bayar da ita ga gonar mahaifiyata. Tamu gonar da hannu suka huɗa ta, shi da ɗansa, yana tsoho yana duƙe a rana. Da na je yi masa godiya sai ya ce in tashi, ruwan dusa ya yi tsami tun jiya ba a canza ba.

To ka ga irin mutumin da nake ƙoƙarin bayyanawa. Ba ka isa ka yi fushi da shi har ƙarshe ba, kuma ba ka isa ka zauna da shi ba ka gaji ba.

Shi ma ya gaji, wannan mutane kaɗan ne suka sani. A shekarunsa na ƙarshe, duk kaka in an dawo daga Dawanau an zauna a gindin darbejiya, sai ya ce, "Jama'a, ƙafata ta yi nauyi. Ku zaɓi wani." Sai kowa ya kama kallon yatsun ƙafarsa. Kowa yana son ƙungiya, ba mai son ƙarshen layi. Samari suka ce a cire dokar mana, ciyaman ya ja kara kamar kowa, sai a samu mai karɓa. Baba ya ce su cire in sun ga dama, amma su tuna hancin san nan na farko. Ba su cire ba, ba su kuma zaɓi kowa ba. Suka yi ta yi masa addu'ar tsawon rai, shi kuma ya ci gaba da bin amalanke a ƙasa yana ɗingishi.

Da ciwo ya kwantar da shi ni nake kai masa abinci. Wata rana da azahar na tarar ya jingina da bango, yana sauraren shanu suna tuƙa a turke.

"Baba, sannu da jiki."

"Yauwa, yarinya. Zauna." Bai taɓa ce mini in zauna ba sai ranar. "Na gaji. Da na ɗauka in abu ya girma zai tsaya da ƙafarsa. Ashe nauyi yake ƙarawa."

Na ce Allah zai ba shi lafiya.

"Ban ce wa mijinki ya karɓa ba, kuma ba zan ce ba. Na san abin da kuka ci a gidan nan da abin da ba ku ci ba." Ya rufe ido, na ɗauka barci ya yi, sai na ji ya ce a duba ƙafar jan san nan, jiya ya ga yana ɗaga ta.

Bayan an share makoki 'yan ƙungiya suka zauna. Aka ce Baba Ƙarami ya karɓa, shi ne babba. Ya ce shi ya ga abin da kujerar ta yi wa yayansa, a kai kasuwa. Aka bi manya ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Daga ƙarshe ido ya koma kan mijina, shi kuma ya ce a ba shi lokaci. Aka tashi a kan cewa in ba a samu ciyaman ba, za a lallaɓa a yi huɗar bana, da kaka a sayar da shanu da amalanke da inji, kowa ya koma neman haya.

Ranar na tare mijina a ɗaki. Na ce, "Malam, kada ka karɓa. Mun yi namu. Babbar 'yarka ta isa sakandare, rufin ɗakin Inna yana yoyo. Ka bar wani gidan ya ɗanɗana."

"Babu wani gidan," in ji shi. "Kin ji su ai."

"To a sayar."

Bai amsa ba. Halin ubansa gare shi wajen shiru, kuma shirun nan ya fi gardama gajiyar da mutum.

Sai ga ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ƙasa. Da gari ya waye na ji hayaniyar maza a ƙofar gida, an fitar da shanu an ɗaura musu karkiya. Ina jira in ji sun yi nisa kamar kullum, amma ba su tafi ba. Can mijina ya shigo, ya tsaya a tsakar gida tsakanin ɗakina da na Inna, wadda ke cikin takaba ba ta fita.

"Inna, wai da gonarmu za a fara."

"Saboda me?" in ji Inna daga ciki.

"Sun ce dokar Baba ce. Gonar matar da mijinta ya rasu ita ce farko. Ba a raba gado ba, gonar taki ce."

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za a fara da gonarmu, ashe sai Baba ya kwanta a ƙasa za ta zo, kuma ta hanyar dokarsa.

"In kuma ka karɓi kujerar fa?" Inna ta tambaya.

"Ni ke noma gonar. Ta zama ta ciyaman ke nan." Ya dubi ƙofar gida. "Suna jira a waje. In na ce su shiga, sun san amsata. In na ce su wuce, sun sani."

Inna ta ce, "Ni na gama nawa, abin da ya rage mini a duniya ba shi da yawa. Ga wadda za ka tambaya nan. Ita za ta riƙa auna hatsin."

Ya juyo ya dube ni. Ina tsaye da ƙwaryar dusa a hannu, ƙafata cikin taɓo. Na ji haushin Inna da ta jefo mini, na ji haushin mijina da ya kasa yanke wa kansa shawara, na ji haushin garin nan kaf da ke son inuwar abu ba ya son ɗaukarsa. Na fi jin haushin Baba, da ya ce bai bar wa kowa wasiyya ba alhali ya san irin gidan da ya bari. Na tuna cewa in aka shiga gonarmu yau, sau ɗaya ne, baɗi babu shanun da za a yi layi a kansu, mu da kowa sai zaryar gidan masu hali.

Na ce, "Ka ce su wuce."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Ka je kafin rana ta busar da ƙasar mutane."

Ya fita. Na ji ya yi magana, na ji maza sun amsa da kabbara ƙasa-ƙasa, sannan ƙarar garma a kan amalanke ta yi ta nisa. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan yi ƙaryar na ji ba. Na zauna a bakin murhu, kukan da ban samu yi ba ranar rasuwa ya zo mini gaba ɗaya.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sa ya huta hutun da bai samu a nan ba. Allah ya sa a can kada a bar shi a ƙarshen layi. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu ƙarfin abin da muka ɗauka.

Yau da nake wannan rubutu gyaɗar maƙwabta ta fara tsiro, ana hango korenta daga bayan katanga. Tamu na ɓare ta na tsince, tana nan cikin buhu a ɗakina.